Bidiyo Ya Tsaya Yana Lodi: Amsar Tambayoyinku Kan Kalmomi da Karin Magana

Tambayoyi uku ne suka haɗu a kan abu guda a wannan karon, wato bidiyon da ke tsayawa ana tsakiyar kallo, ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskar waya. Zan bi su yadda suka iso.

Wani malamin sakandare daga Zariya ya rubuto cewa: "Malam, ɗalibaina kan ce bidiyo yana lodi idan ya tsaya. Bature kuma yana cewa buffering. Shin lodi Hausa ce? In ba Hausa ba ce, wace kalma ta dace in koya musu?"

Malam, ka bar wa ɗalibanka kalmarsu. Lodi ta daɗe da zama Hausa. Daga Turanci muka aro ta, ta ƙofar tasha ta shigo mana tare da direba da fasinja da kamasho. Idan aka ce mota tana lodi, kowa ya san tana tsaye, lafiyarta ƙalau, jira take ta cika kafin ta tashi. Yaran da suka ɗauko kalmar suka ɗora wa bidiyo sun dace ƙwarai, domin abin da ke faruwa a cikin wayar ke nan.

Bidiyon da kake kallo a YouTube ko Netflix ba a dunƙule yake zuwa ba. An yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, galibi tsakanin 2 zuwa 10. Wayarka tana karɓo su ɗaya bayan ɗaya, tana tara wasu a gaba kafin ta nuna maka. Ka lura da layin da ke ƙasan bidiyon YouTube: ja shi ne inda ka kai, mai ruwan toka da ya ɗan wuce shi kuma shi ne abin da aka riga aka tara. Muddin abin da ke shigowa ya kai abin da kallo ke cinyewa, ba za ka ma san ana wannan aiki ba. Da zarar shigowar ta gaza, abin da aka tara ya ƙare, sai hoto ya tsaya har a sake tara wani.

A rubutu, inda ake son kalmar gida, ni tanadi nake kiran abin da aka tara ɗin, tsayawar kuma jiran tanadi. Na ji masu cewa guzuri, amma ban bi su ba. Guzuri sau ɗaya ake haɗa shi kafin a kama hanya, saboda haka ya fi dacewa da bidiyon da aka sauke gaba ɗayansa aka ajiye a waya. Tanadi kuwa ana ci ana ƙarawa.

Abin da ke damuna shi ne lodi ta fara haɗiye 'yan'uwanta. Kowace irin matsala yanzu sai a ce yana lodi, ko a ce babu sabis, alhali Hausa tana da kalmomi daban-daban, kuma kowace tana nuna wata cuta dabam. Wanda ya zaɓi kalmar da ta dace ya riga ya yi rabin gyara.

Ɗauki kakkatsewa da tsaitsayawa. Bahaushe yakan ninka gaɓar farko ta aikatau don nuna maimaici: katse ya zama kakkatse, yanke ya zama yayyanke, tsaya ya zama tsaitsaya. Idan bidiyonka kakkatsewa yake yi, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya sake tafiya ya tsaya, to intanet ɗin yana nan, ƙarfinsa ne bai kai abin da hoton ke buƙata ba. YouTube da kansu sun bayyana ma'aunin: hoto mai lamba 360p yana son kimanin megabit 0.7 a daƙiƙa, 480p yana son 1.1, 720p yana son 2.5, 1080p yana son 5, shi kuwa 4K har 20. Maganin kakkatsewa na farko shi ne ka taɓa alamar saiti a saman bidiyon, ka sauko da lambar. A ƙaramar fuskar waya, 480p ya wadatar da ido, musamman idan wa'azi ne ko hira, inda magana ce abin nema.

Daskarewa kuwa wani abu ne dabam. Ruwa ke daskarewa, mai ke daskarewa da sanyi, ma'ana abin da ke gudana ya zama ƙam. Idan hoto ya daskare, babu zobe mai juyawa, wani lokaci murya na ci gaba, ko ka danna wayar ta ƙi amsawa, to sau da yawa laifin na na'urar ne. Ko ta yi zafi, ko manhajoji sun yi mata yawa a buɗe, ko ma'ajiyarta ta cika, ko manhajar kallon ta tsufa ba a sabunta ta ba. A nan sayen sabuwar data ba ya ƙara komai. Ka rufe sauran manhajojin, ka share tarkacen wucin gadi da manhajar ta tara, ka kashe wayar ka kunna, in tana jikin caji ta yi zafi ka cire ta ta huce. Maƙalewa tana tsakanin biyun: zoben yana juyawa amma tafiya ta ƙi, a wuri ɗaya kullum. Wannan a rufe bidiyon a sake buɗewa ake fara gwadawa. Katsewa ba tare da ninki ba kuma ita ce yankewar gaba ɗaya, wadda galibi data ce ta ƙare ko layin ya ɗauke.

Saura dishi-dishi, lokacin da bidiyo ke tafiya amma fuskoki sun dusashe. Mutane kan ɗauka lalacewa ce, alhali dabara ce. Kowane bidiyo an ajiye shi a matakai da yawa na kyawun hoto, manhajar kuma tana auna ƙarfin intanet ɗinka tana zaɓar matakin da zai iya ɗauka. Kamfanin Apple ya fito da nasa tsarin na wannan aiki, mai suna HLS, a 2009, kuma a yau manyan dandalan kallo duk a kan irin wannan dabara suke. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki, kuma ban san wata magana da ta fi wannan bayyana tsarin ba. Ka koya wa ɗalibanka waɗannan kalmomi tare da lodi, Malam, ka sa su bambanta su a jimla.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi: "Muna kallo da daddare, ni da yara da ƙannen maigida kowa da wayarsa a kan ɗan akwatin intanet guda, fim ya ƙi tafiya. Sai Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Na san maganar, amma ban taɓa jin an yi ta a irin wannan wuri ba. Ta dace kuwa?"

Malama, ki gaishe min da Hajiya, ta ajiye maganar a gurbinta. Gishirin wannan karin magana yana cikin kalmar ji. A Hausa ba kunne kaɗai ke ji ba. Miya tana jin gishiri, nama yana jin wuta, ciwo yana jin magani, yaro yana jin magana. Ji a nan shi ne abu ya ratsa abu har a ga alamarsa. Dambu kuwa, kin fi ni sani, tsaki ne da aka turara da zogale ko rama, a warwatse yake, mai ne ke haɗa shi ya ba shi daɗi. In ya cika tukunya, ludayin man da ya ishi kwano guda sai ya ɓace a ciki. Asalin amfanin maganar shi ne idan matsala ko jama'a suka yi yawa har abin da ake da shi ya kasa yi musu tasiri.

Haka abin yake a gidanku. Ɗan akwatin nan ƙarfi ɗaya yake samowa daga ƙarfen sabis, ko rezo kamar yadda kuke cewa a can, sannan ya raba wa duk wanda ya hau. A ce yana samo megabit 10 a daƙiƙa. Mutum biyu masu kallon 1080p sun cinye shi, na ukun sai lodi. Ga kuma masu ci a ɓoye: wayar da ke sabunta manhajojinta ita kaɗai, da wadda ke tura hotuna ma'ajiyar intanet, da bidiyoyin da ke sauka da kansu a WhatsApp. Sannan rabon bai tsaya a gidanku ba. Ƙarfen sabis ɗin ma duk unguwa ke rabonsa, shi ya sa fim ɗin da ya tafi sumul da hantsi yake kakkatsewa bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya.

Abin yi a bayyane yake cikin maganar Hajiya: a rage dambun ko a ƙara man. Ku haɗu a kan allo guda maimakon kowa da nasa, masu kallo a waya su sauko da lambar hoto, a kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp. Akwatin kuma a ɗora shi a sama kusa da taga, kada a tura shi bayan talabijin ko cikin kabad, domin bango da ƙarfe suna rage masa ƙarfi. In yana da tashoshi biyu, mai lamba 5 ta fi sauri idan kuna ɗaki ɗaya da shi, mai lamba 2.4 kuma ta fi kai wa nesa da ratsa bango. Rage lambar hoto yana da wata ribar ga aljihu: a lissafin Netflix, awa guda ta kallo a mataki mafi ƙasa ba ta wuce gigabait 0.3, amma a hoto mai kyau sosai tana iya kai 3, a 4K kuma har 7.

Ki kuma mayar wa Hajiya da tata, cikin ladabi: ba a fafe gora ranar tafiya. Fafewa ita ce a buɗe bakin gora a ƙwaƙule cikinta, a jiƙa ta ɗacin ya fita, aikin da ke cin kwanaki. Fim ko karatun da kuka san za ku kalla da daddare, ku sauke shi tun da safe ko cikin dare lokacin da layi ya yi sauƙi, inda manhajar ta ba da damar haka. Ƙwallo da sauran abin da ake haskawa kai tsaye ne kaɗai ba su karɓar wannan dabara.

Na uku wani ɗan'uwa ne daga Kumasi. Ya ce abokinsa ya same shi yana ta kashe waya yana kunnawa har yana bubbuga ta, sai ya ce masa ya bar jaki yana dukan taiki. Tambayarsa ita ce, mene ne taiki?

Ɗan'uwa, taiki babbar jaka ce ta fata da ake zuba hatsi ko wasu kaya a ɗora wa jaki. Jakin ne ya ƙi tafiya, amma sanda tana sauka a kan kayan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ana yin maganar ga wanda ya bar mai laifi ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, wani lokaci don tsoron mai laifin, wani lokaci don rashin sanin ko wane ne. Taka ta rashin sani ce, kuma tana da magani mai sauƙi: ka riƙa sauya abu ɗaya tak a lokaci guda. Buɗe wani bidiyon a manhajar. In ya tafi, matsalar ta bidiyon farko ce. In bai tafi ba, gwada wata manhajar. In ita ma ta ƙi, hau intanet ɗin wani da wayar taka, ko ka ɗora wata wayar a kan naka. Akwai kuma shafin fast.com, wanda Netflix suka buɗe a 2016, da zai nuna maka ƙarfin intanet ɗinka cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ka gwada lambar da waɗanda na ambata a amsar farko. Ka dai kula, megabit yake aunawa, kuma sai megabit 8 ke yin megabait guda, irin wanda ake lissafa data da shi.

Wani lokaci jakin yana can nesa da kai ƙwarai. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Ghana da Najeriya da maƙwabtansu da dama sun shiga wahalar intanet, kuma an ɗauki makonni kafin a kammala gyara. Duk wanda ya zauna yana share wayarsa a ranar don tafsiri ya ƙi tafiya, taiki ya daka. Haka kuma ranar 15 ga Nuwamba 2024, da Netflix suka haska damben Mike Tyson da Jake Paul kai tsaye daga Texas, masu kallo sun yi yawa har mutane da dama a Amurka, masu intanet mai ƙarfi, suka yi ta kukan hoto na tsayawa. A nan nauyin a kan na'urorin kamfanin ya faɗa. Alamar irin wannan rana ita ce ka tambayi maƙwabci ko abokin da ke wani layin, ka tarar shi ma kukan da yake yi ke nan. In haka ne ka ƙyale saitin wayarka yadda yake, ka sauko da hoton zuwa 240p ko 144p in muryar ce ka fi buƙata, in kuma shirin yana rediyo ka kama shi a can.