Tambayi Likita: Gajiyar Aiki Na Bin Mu Har Cikin Gida

Wani ma'aikacin biro daga unguwar Birni a Damagaram: Likita, ina tasowa daga aiki bayan la'asar, da na yi sallama yara su yo kaina da oyoyo, ni kuwa sai in hau su da tsawa. Uwargida ta fara ƙorafi. Me ke damuna?

Malam, wanda ya yini yana fama da takardu da mutane, jikinsa na sakin sinadaran shirin ko-ta-kwana, adrenalin da kotizol. Su ke ƙara bugun zuciya, su ɗaure tsokar wuya da kafaɗa, kuma ba sa sauka don kawai ka taka ƙofar gida. Sai ka ba su hanya.

Fara tun daga biro. Minti 5 kafin ka tashi, rubuta ayyuka uku da za ka soma da su gobe, ka bar takardar a kan tebur. Abin da aka rubuta ba ya yawan dawowa a rai. Da ka isa gida ka amsa oyoyon yara, ka ɗaga ƙaramin, sannan ka ce su ba Baba minti 15. Cire kayan aiki, watsa ruwa, sha moɗa biyu ta ruwan randa. Zauna a tabarma, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, sake shi a hankali kana ƙirga 6, har minti 5. Tsawaita fitar numfashi ke rage gudun zuciya.

Inda ake ɓata abin shi ne a kishingiɗa da waya a hannu. Minti 15 sai ta zama awa biyu a WhatsApp, saƙon shugaban aiki ya shigo, jiki ya koma yadda ya baro biro. Ajiye ta a ɗaki daga magariba zuwa isha'i, ku ci tuwo tare, ka ji abin da aka koya wa yara a makaranta. Idan ɓacin ran ya haɗu da rashin barci da rashin jin daɗin komai har mako biyu, ka zo asibiti, don ciwon damuwa yana da magani.

Wani ɗan kabu-kabu daga Kara-Kara: Ina yini a kan babur tsakanin Kasuwar Dole da tasha. Da dare ina shan shayi a fada (majalisar hirar abokai) har sha biyu, barci ya ƙi zuwa, da safe sai na haɗiyi tramol nake iya fita.

Ƙanena, wannan ta fi damuna cikin tambayoyin yau. Ganyen shayi na ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma jiki na ɗaukar kusan awa 5 kafin ya kawar da rabinsa. Zubin farko, mai ɗacin nan, idan ka sha shi ƙarfe goma na dare, rabin ƙarfinsa na cikin jininka har ƙarfe uku. Ka tashi ba ka ƙoshi da barci ba, ka nemi ƙwaya, da dare kuma a sake ɗora buta. Haka abin ke zagayawa.

Tramol maganin ciwo ne dangin ofiyom. Yana rufe jin gajiya, gajiyar tana nan. Yana kama mutum, yana rage kaifin ido a kan titi, yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kai kuma kana ɗauke da ran fasinja. Kada ka yanke shi dare ɗaya idan ka jima kana sha, don zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin natsuwa za su mayar da kai gare shi. Je asibiti ka faɗi adadin da kake sha ba tare da ɓoyewa ba, a rage maka mataki-mataki.

Fada ba laifi ba ce, hira da abokai hutu ce. Amma shayi ya tsaya a la'asar, ka koma gida da wuri ka samu awa 7 na barci. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, riƙa duba fitsarinka: idan ya yi ja-ja, ruwa ya yi maka kaɗan, kuma ƙarancin ruwan shi kansa yana kawo ciwon kai da kasala.

Wata malamar makaranta daga Sabon Gari: Daga aji sai murhu, sai wanke-wanke, sai gyaran takardun ɗalibai. Yanzu ko tsintsiya na ɗauka sai haki da jiri.

Malama, haki da jiri a kan ɗan aiki sun wuce gajiyar yini. Ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi: idan cikinta ya yi fari-fat, ƙarancin jini ne na fara zato, musamman in al'ada na zuwa da yawa ko kin haihu kwanan nan. A auna miki jini, sukari da hawan jini, a kuma duba maleriya. Idan aka ba ki ƙwayar ƙarin jini, kada ki haɗa ta da shayi, yana hana jiki tsotse ta. Bar awa biyu tsakani. Ƙara hanta, wake da zogale a abinci.

Bayan azahar ki runtsa minti 20, kada ya wuce 30, don barcin da ya yi nisa na tashin mutum da nauyin kai. Wanke-wanke da shara kuma a raba wa manyan yara, ki kuma zauna da maigida ku tsara wanda zai kula da ƙanana a lokacin da kike gyaran takardu.