Amsa: Me Amurka ke ci a gayyatar baƙi da kuɗinta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Amurka ke ɗaukar nauyin 'yan siyasa da 'yan jarida na ƙasashen waje su zagaya ƙasarta, kuma ta yaya ake nema. To, ba a nema. Shirin, wanda aka fi sani da IVLP (International Visitor Leadership Program a Turance), ofishin jakadancinsu ne ke zaɓo mutum idan sun hango masa gaba, sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta biya jirgi da masauki.

Ya samo asali tun 1940, lokacin da Nelson Rockefeller, wani jami'in gwamnatin Amurka, ya fara gayyato 'yan jaridar Latin Amurka don a rage tasirin Jamus a yankin. Ruwa ba ya tsami banza ai.

Yawanci mako uku ake yi. A fara da Washington, sannan a bi wasu garuruwa. Abin da ya fi kama zuciya ba ofisoshi ba ne, daren da wani iyali zai gayyace ka gidansa ne, ka zauna a teburinsu, yaransu na yi maka tambayoyin ƙasarku. Wannan ba ya fita a rai.

Margaret Thatcher ta je a 1967, ba ta ma shiga majalisar ministoci ba tukuna, sai 1979 ta zama firaministar Birtaniya. Anwar Sadat na Masar da Tony Blair na Birtaniya ma sun je kafin su hau mulki. Ni dai ban ga laifin zuwa ba, muddin ka san mai masaukinka ne ya tsara abin da za ka gani.