Kuɗin tikitin jirgin ƙasa a Birtaniya: aljihun wa suke shiga?

Wata ɗaliba da ke karatu a Birmingham ta aiko da tambaya. Ta ce duk lokacin da za ta je Landan takan ga farashi iri-iri na tafiya ɗaya, wani tikitin an rubuta masa sunan kamfani guda, wani kuma an rubuta "Any Permitted" kuma ya fi tsada. Tana son sanin wanda ke karɓar kuɗin idan kamfanoni da yawa ke bin hanyar, da kuma tikitin da ya fi dacewa ta saya.

Malama, kamfanoni uku ne ke jigila tsakanin biranen biyu. Avanti West Coast ne mafi sauri, yana tashi daga tashar New Street ta Birmingham ya sauka a tashar Euston ta Landan cikin kimanin sa'a ɗaya da minti ashirin; London Northwestern Railway na haɗa waɗannan tashoshin biyu amma yana yawan tsayawa a hanya; Chiltern Railways kuma na bi ta wani layin daban, daga Moor Street zuwa Marylebone. Tikitin da aka ɗaure wa kamfani ɗaya, kuɗinsa na wannan kamfanin ne shi kaɗai, shi ya sa yake iya karya farashi don ya janyo fasinja. Wanda aka rubuta wa "Any Permitted" kuwa yana ba ki damar shiga jirgin kowanne daga cikinsu, saboda haka dole a raba kuɗinsa.

Rabon ba ya bin jirgin da kika shiga a zahiri. Tun da aka sayar da harkar jiragen ƙasa ga 'yan kasuwa bisa dokar 1993, wani sashe mai suna Rail Settlement Plan, wanda yanzu ke ƙarƙashin Rail Delivery Group, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa, shi ke tattara bayanan duk tikitin da aka sayar a wata ma'ajiya da ake kira LENNON. Daga nan sai a yi amfani da ORCATS, wani tsarin kwamfuta da aka gada daga zamanin British Rail, wanda ke duba jadawalin tafiye-tafiye ya ƙiyasta jirgin da fasinja zai fi zaɓa: wane lokaci yake tashi, minti nawa yake ɗauka, ko akwai canjin jirgi a hanya. Jirgin da ke da sauri kuma yake tashi a lokacin da mutane suka fi yin tafiya shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Ke nan ko da kin zauna a jirgin Chiltern da irin wannan tikiti, mai yiwuwa ne mafi yawan kuɗinki su tafi ga Avanti. Kamfanin da ya ga an tauye shi yana iya neman a ƙidaya fasinjoji a gyara rabon. An kuma sha zargin wasu kamfanoni da cusa jirgi a jadawali gab da na abokin hamayya don kawai lissafin ya ba su wani kaso, abin da a ganina ya nuna raunin tsarin da ke dogara da ƙiyasi.

Sai dai tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta dakatar da zirga-zirga, kuɗin tikitin manyan kamfanonin Ingila suka koma hannun gwamnati, ita kuma tana biyan su ladan gudanarwa, sannan dokar 2024 ta buɗe hanyar mayar da su mallakin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, aka fara da South Western Railway a watan Mayun 2025. Waɗanda har yanzu rabon ya zame musu abin rayuwa su ne masu cin gashin kansu irin su Hull Trains da Grand Central da Lumo, domin ba su da wata madogara sai abin da tikiti ya kawo.

Shawarata ita ce kada tunanin wanda zai amfana ya shiga lissafinki. Abin dubawa shi ne ko kin tabbatar da lokacin tafiyarki. Idan kin san ranar da sa'ar, ki sayi tikitin Advance da wuri, wanda ke aiki a jirgi guda a lokaci guda, ko kuma na kamfani ɗaya idan ba kya gaggawa. Idan kuwa za ki ga likita ne ko za ki ofishin jakadanci inda ba a san lokacin fitowa ba, ƙarin kuɗin "Any Permitted" bai zama asara ba. Sai dai ki karanta abin da aka rubuta a jikin tikitin game da hanya ko kamfani kafin ki hau, domin wanda ya shiga jirgin Avanti da tikitin London Northwestern, mai duba tikiti zai ɗauke shi tamkar wanda ba shi da komai, ya sa shi sayen sabo a farashin ranar.

Wani mai karatu kuma ya tambaya ko ya fi kyau ya saya a shafin kamfanin da zai shiga jirginsa maimakon manhajar sayar da tikiti ta Trainline. Malam, kowane kamfani na sayar da tikitin sauran, kuma rabon bai canzawa saboda wurin da aka saya, illa dai mai sayarwa na cire ɗan kamasho. Bambancin da zai taɓa aljihunka shi ne Trainline kan ɗora kuɗin hidima a kan wasu tikitocin, shafukan kamfanonin jirgi kuwa galibi ba sa ɗorawa. Idan jirgi ya makara, diyyar Delay Repay tana wuyan kamfanin da ya jawo jinkirin, ko a ina ka sayi tikitin, kuma kana da kwana 28 ka shigar da buƙatarka.