Wane ƙamus zan saya saboda kalmar "get"?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta WAEC, kuma kalmar "get" ta hana ni sakat. Ƙaramin ƙamus ɗina na Turanci da Hausa ya ce ma'anarta "samu", amma yawancin jimlolin da nake karantawa ba su yarda da haka ba. Baba ya ba ni kuɗin littafi ɗaya. In sayi babban ƙamus na Turanci da Hausa, ko na Turanci zalla? (Ɗaliba daga Funtuwa)

Amsa: 'Yata, ƙamus ɗinki bai yi miki ƙarya ba, wurin bayani ne ba shi da shi. Ki dubi "ci" a Hausa. Baƙon da aka koya wa cewa abinci kaɗai ake ci, yaya zai yi ranar da ya ji wane ya ci bashi, ya ci amana, ya ci zaɓe, har ya ci sarauta? To, halin da kike ciki ke nan da "get".

Abin da ya biyo bayanta shi ke yanke ma'ana. In suna ne, samu ne ko sayowa ko ɗaukowa: "I got a letter", na sami wasiƙa, "get some bread", sayo burodi. In siffa ce, maganar ta koma sauyin hali: "she got angry", ta fusata, "it is getting dark", duhu ya fara. In wuri ne, isa ake nufi, kamar "we got to Zaria at six". Akwai kuma wadda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kanta: "I got him to sign" na nufin na shawo kansa ya sa hannu, da lallashi ko dabara, alhali "I made him sign" tilas ce. "He got caught", an kama shi. "I don't get it", ban gane ba. Ba a ma zo kan 'yan ƙananan kalmomin da ake liƙa mata ba: "get over" warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, "get by" lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, "get away with" yin laifi a sha.

Ƙamus mai ba da kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba. Ki sayi na Turanci zalla, amma wanda aka rubuta don masu koyo. Biyu ne na fi amincewa da su. Oxford Advanced Learner's Dictionary ya samo asali daga aikin A. S. Hornby, malamin da ya koyar da Turanci a Japan; Oxford ta fara buga shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Longman Dictionary of Contemporary English kuwa ya fito a 1978, kuma da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi yake bayanin duk sauran, don haka ba za ki je neman ma'ana ki faɗa wata rijiyar ba. Ga mai matakinki, na ɗan fi karkata ga Longman saboda wannan sauƙin.

Kafin ki biya, ki buɗe shafin "get" a nan kantin. In kin ga ma'anoni da lamba, kowace da jimlar misali, shi ne. In jerin kalmomi ne tsirara, ki ajiye, ko da an rubuta Oxford da manyan baƙaƙe a bango. Ki kuma duba ko rubutun ya dusashe ko wasu shafuka sun ɓace, don jabu sun yi yawa a kasuwa. Tsohon bugu na asali, ko na hannu ne, ya fi sabon jabu. Ma'anonin "get" ba su sauya ba tun kafin a haife ki. Ƙaramin naki kuma kada ki yar, zai yi miki amfani wajen sunayen abubuwa.

Tambaya: Malam, ina ganin "gotten" a finafinai, malaminmu kuma yana jan layi a ƙarƙashinta. Wa ya yi daidai? Sannan ko in sayi manhajar ƙamus a waya? (Ɗalibi daga Jos)

Amsa: Ɗana, kowa da gaskiyarsa. Mutanen Amurka suna cewa "gotten", na Ingila suna cewa "got", makarantunmu kuma salon Ingila suka gada. A takardar jarrabawa ka bi malaminka. In wasiƙar neman aiki ce ko ta hukuma, ka ma rage "get" ɗin, ka sa "receive" ko "become" ko "arrive" gwargwadon abin da kake nufi, don ita ta fi zama a hira.

Manhaja kuwa, kada ka yi gaggawar biya. Oxford da Longman da Cambridge duk suna da ƙamus na masu koyo kyauta a intanet, har da muryar da ke furta kalma a salon Ingila da na Amurka. Sai in data ko sabis na ba ka wahala, sannan ka nemi wadda ke aiki ba tare da intanet ba.