Wace soda ake gwajin kumfa da ita?

Tambaya: Salam Malam. Yarona ɗan aji huɗu na firamare ya addabe ni da bidiyon da ake zuba soda a kwalba kumfa ta taso, wai shi ma sai ya yi a hutun nan. Maƙwabciyata mai yin sabulu ta ce za ta ɗibar mana, amma hankalina bai kwanta ba. Ba matsala? (Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Don Allah kar ki karɓi sodar nan ko da kyauta ce. Ta bidiyo ita ce bekin soda ta yin kek. In ba ki samu ba kanwa ma ta wadatar, a daka ta a zuba a kwalba, a matsa lemon tsami, a ɗaura balan-balan a baki, iskar da ke fita irin ta lemon kwalba ce. Ko ki jiƙa masa zoɓo ba sukari, ya ɗiga ruwan kanwa ya ga launi ya yi duhu, ya matsa lemon tsami ja ya dawo.

Ta masu sabulu kuwa kostik soda ce, suna kawai ya haɗa su. Ba ta kumfa da lemon tsami, zafi take ɗauka in ta shiga ruwa, tana cin fata, a ido tana iya makantarwa, kuma in an narka ta sak ruwan sha, ga shi a gorar lemo ake ajiye ta, yaro ya dawo daga wasa da ƙishi ya kafa kai.

Sai kuma abin da ya fi ɓata min rai, kullum sai na ji shi har daga bakin masu ilimi: wai in yaro ya sha sodar a ɗura masa manja ya yi amai. Waye ya koya muku? Manja ba ya kashe soda, amai kuma dawo da ita yake ta maƙogwaro ta sake ƙona inda ta ƙona, daga baya hanyar abinci ta tsuke, yaro ko kunu ya kasa haɗiyewa. Ba manja, ba lemon tsami, ba sa yatsa a wuya, ba tsayawa wurin mai kemis ɗin bakin layi. A wuce JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibiti mafi kusa tare da gorar. In a ido ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 sannan a tafi.