Na sa haƙoran roba, bakina ya ƙi sakuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar allo ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekarata 63. Kwana 12 ke nan da aka sa min haƙoran roba, sama da ƙasa. Tun ranar yawu ke cika min baki, in na ce "sannu" sai fito ya fita, na ƙasan kuma yana ɗagawa yana ƙas-ƙas. Almajirai ba sa gane biyawata, har na koma cire su lokacin karatu. An ɓata aikin ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, a kwana 12 ba a yanke wa aikin hukunci. Yawanci sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin magana ta daidaita, wani ma ya kai 6. Amma cirewar nan lokacin karatu muna roƙo a daina, domin ita ke mayar da hannun agogo baya. Karatun shi ne maganin.

Haƙoran sama suna da faranti da ya rufe ganɗa. Harshenka ya shekara 60 yana taɓa wuri ɗaya in zai ce ta, da, ɗa, ra ko tsa, yanzu kuma ya tarar da roba mai santsi ta rage masa fili. Harafin "sa" ya fi shan wahala, don iska ce ke bi ta siririyar hanya tsakanin harshe da bayan haƙoran gaba. In hanyar ta matse sai fito, in ta buɗe da yawa sai ya koma kamar "sha". "Fa" ɗinmu ta Hausa da leɓe biyu ake yin ta, ba ta cika damuwa ba, amma ta Larabci sai leɓen ƙasa ya taɓa haƙoran sama, saboda haka a tilawa za ka fi jin canjin, tare da haruffan da ake ɗora bakin harshe a kan haƙori.

Ka ware minti 15 da safe, 15 da yamma, ka yi karatu a bayyane, a hankali, kamar mai biya wa ƙaramin yaro. Fara da surorin da suka zauna a bakinka. Kalmar da ta ƙi fita ka maimaita ta sau 10 a gaban madubi: sassafe, tsattsafi, shinkafa, sittin da shida. Kafin ka buɗe baki gaban mutane, ka ɗan cije a hankali ka haɗiye yawu, haƙoran za su koma mazauninsu. Bakin harshe kuma ya kwanta a bayan haƙoran gaba na ƙasa. In ka ja shi baya, haƙoran na sakin kamu su ɗaga, kuma daman na ƙasa ba su da faɗin kamu irin na sama.

Yawun zai ragu da kansa nan da mako ɗaya ko biyu. Bushewar baki ce ma ta fi sa haƙoran sama saki, don yawu ne ke manne su da ganɗa. In hunturu ya shigo, ka ajiye ruwa kusa kana kurɓa.

Akwai abin da juriya ba ta gyarawa. In dasashi ya yi gyambo, ko fiton bai daina ba bayan mako 6, ko haƙoran na karo da juna duk da kana magana a nitse, ko ƙarshen farantin na sa ka yunƙurin amai in ka ce "ka" ko "ƙa", ka koma wurin likitan da ya yi su. Ka sa su tun daga gida ranar zuwa, don ya ga daidai inda suke gurza. Don Allah kada a kankare su da wuƙa ko reza. In robar ta zaftare ba ta dawowa. In kuma ba a daɗe da cire maka na asali ba, dasashi zai ci gaba da janyewa, musamman a wata 6 na farko, sai likita ya ƙara wa cikin haƙoran shafi su sake kamawa.

Da dare a cire su, a wanke da buroshi mai laushi da sabulu a kan kwano mai ruwa, kada su suɓuce su fashe, a jiƙa su a ruwan sanyi mai tsabta. Ruwan zafi na lanƙwasa su, toka da gawayi na karce su. Goro kuwa a yanka shi ƙanana, a tauna da turame ta ɓangare biyu lokaci ɗaya.