Injin hawa bishiya: wanne za a saya, kuma me ke kashe shi?

Duk shekara, da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, wasiƙu kan injin yankan itace sukan yi yawa a wannan fili. Masu gidaje a Unguwar Rimi da Malali a nan Kaduna sun tuna da reshen mangwaron da ya kwanto kan rufi, masu yanka kuma sun tuna injinsu na ƙarƙashin gado tun bara. Na ware waɗanda suka shafi ƙaramin injin yankan nan mai sarƙa da mariƙi a sama, wanda ake hawa bishiya ɗauke da shi don rage rassa. Sauran sai wani makon.

Wani mai sana'ar rage rassa daga Barnawa ya rubuto: "Malam, na tara kuɗi ina son injin hawa na kirki. Wasu sun ce Stihl MS 201, wasu Husqvarna T540, wani abokina a Abuja kuma ya ce Echo. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, duk ukun injina ne na gaske. Stihl ɗin kamfanin Jamus ne, cc 35, nauyinsa kilo 3.7 ba mai ba sarƙa. T540 na Husqvarna ya ɗan fi shi girma, yana kusan kilo 4. Su biyun za su ci reshen maɗaci mai kauri ba tare da sun yi maka gardama ba. Echo CS-2511T na Japan kuwa cc 25 ne, kilo 2.3 kacal. In aikinka rage rassan darbejiya ne daga safe zuwa la'asar, kafaɗarka za ta gode maka da shi. In ka sa shi a busasshen maɗaci zai yanka, amma sai ka yi haƙuri.

Sai dai ba ka yi tambayar da ta fi muhimmanci ba: in ya lalace, wa zai gyara a Kaduna? Sabon MS 201 mai M-Tronic da T540 mai AutoTune, 'yar ƙaramar kwamfuta ce ke daidaita musu mai da iska, babu sukurorin da ake murzawa. Suna aiki lafiya, amma ranar da suka ƙi, gwanin Panteka da ke iya ƙera maka kusan komai da ƙarfe sai dai ya tsaya yana kallo da sukundireba a hannu. Don haka ni na fi karkata ga masu kafireta ta gargajiya, irin su MS 194 T ko Husqvarna T435, ko Echo ɗin. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya ɗora maka filta, da robar kafireta, da fistin da zobe na wannan injin a kan tebur. In ya ce "za a kawo daga Legas", ka riƙe kuɗinka. Na batir ma suna nan, ba hayaƙi ba ƙara sosai, amma batir biyu ko uku kake buƙata a wuni, kuma ka san yadda wuta take a unguwarku.

Ta biyu daga Rigasa take: "An nuna mini sabon Stihl na hawa a kwali, N95,000. Mai kayan ya rantse ɗan asali ne, kwastan ne suka yi gwanjonsa. In saya?"

A'a. Injin da na asalinsa ke neman kuɗin sabon babur, wa zai ba ka shi a wannan farashi, don yana ƙaunar iyayenka? Labarin gwanjon kwastan nan ya tsufa, da shi aka sayar da jabun janareta da jabun famfon ruwa, yanzu an zo kan inji. Araha ba ta ado.

Ku fahimce ni, ba injin Sin nake zagi ba. Stihl da kansa yana da masana'anta a Qingdao. Akwai kuma ƙananan injinan Sin masu cc 25 da ke zuwa da sunansu, a sayar maka a kuɗinsu, ka san abin da ka saya. Wanda nake magana a kai shi ne wanda aka yi wa fenti ruwan lemo da fari aka manna masa sunan da ba nasa ba. Wanda ya yi maka ƙarya a suna zai yi maka ƙarya a ƙarfe, kuma inda suka fi rage kuɗi shi ne inda ido ba ya gani: birkin sarƙa. Wannan maƙallin da ke gaban hannunka na hagu ba ado ba ne. In saman bakin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya taɓa reshe, inji yakan yi tsalle ya dawo kan mai shi kafin ya ƙifta ido, birkin ne ke tsayar da sarƙa. A ƙasa kana iya ja da baya. A saman bishiya kana ɗaure, fuskarka da wuyanka na kusa da sarƙa, ba inda za ka. Na ga jabu da aka tura maƙallin ya yi ƙas kamar na gaske, sarƙa kuma tana ta gudunta. Ƙarar ce kawai suka kwaikwaya.

Saboda haka duk injin da za ka saya, sabo ko na hannu, a tayar da shi a ƙasa a gabanka. Ka riƙe da hannu biyu, ka ba shi wuta, ka tura maƙallin da bayan hannunka. Sarƙa ta tsaya cak nan take. In ta ɗan ja kafin ta tsaya, ka ajiye musu kayansu. Ka duba lambar inji: ta Stihl lambobi 9 ce, a buge a jikin ƙarfe, ba takardar da farce ke ɓarewa kaɗai ba. Ka duba zoben da ake ɗaura igiyar inji a baya, ka ja shi da ƙarfi, don in ya tsinke inji zai faɗo ne kan yaron da ke tattara maka rassa. Ka nemi rasit mai sunan shago da lambar injin a rubuce. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kuma jabun bai tsaya a inji ba. Mutum zai sayi na asali da gumin shekara guda, sannan ya tsaya bakin titi ya sayi fetur ɗin 'yan bumburutu wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, ya tsiyaya baƙin man babur a kai da ido, yadda ya saba yi wa ƙaramin janareta. Janareta juyi 3,000 yake yi a minti. Wannan injin yana haura 13,000. Man da aka yi don injina masu shan gauraye yake so, ka ga an rubuta 2T da JASO FD a jikin robar, hatimin murfin kuma bai taɓu ba. Awon shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Sirinji nawa ne a kemis? Ka saya ka riƙa aunawa. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ke lissafin kowace lita, amma fistin ɗaya da silinda sun fi ɗan abin da za ka rage a kuɗin mai tsada. Kada kuma ka haɗa wanda zai wuce wata guda a jarka. Mutane sukan zo suna cewa kamfanin kaza ya lalace, injinsu ba ya ƙarko. In ka buɗe tankin ka sansana, sai ka ga ba kamfanin ba ne.

Wani matashi daga Kawo: "Injina yana tashi, yana silo lafiya, amma da na matsa totur sai ya shaƙe ya mutu. Tun bayan hunturu yake haka. Bakanike ya ce a canza kafireta gaba ɗaya."

Kada ka canza tukuna, ƙanena, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Buɗe filtar iska. Ƙurar hunturu da dusar itace sukan haɗu su toshe ta, ka wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai kafin ka mayar. Sai ka lanƙwasa waya ka zaƙulo 'yar filtar da ke cikin tankin mai, in ta yi baƙi ko ta yi tauri a canza. Na uku, kwance salansa. Wasu suna da 'yar raga a bakinta, in mai ya yi yawa a gauraye sai baƙin hayaƙi ya liƙe ta, inji ya kasa fitar da numfashi. A goge ta da buroshin waya. Tunda salansar na hannunka, leƙa ta ramin ka ja igiya a hankali ka ga fistin. In yana sheƙi sumul, alhamdu lillahi. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, magana ta wuce kafireta.

In duk waɗannan lafiya suke, to mai yiwuwa ka bar fetur ya kwana watanni a ciki, robar kafireta ta bushe. Robar ake canzawa, ba kafiretar ba.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Akwai sukurori biyu a jikin kafireta masu daidaita mai, L da H. Wasu masu gyara sukan matse H har inji ya riƙa ƙara mai kaifi, mai shi ya yi murmushi ya ce ya samu ƙarfi. Mai aka rage masa, kuma man nan shi ne ke sanyaya fistin yana shafa masa maiƙo. Kwana kaɗan zai yi nokin. Cire fulogi ka gani: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai jiƙe mai ya yi yawa, fari kamar toka kuwa haɗari ne. Na biyu, in inji ya fara tashi sama da kansa a silo, sarƙa na gudu ba ka taɓa totur ba, ko muryarsa na canzawa in ka karkata shi, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Kada ka hau bishiya da shi ko sau ɗaya.

Wanda ya ce nasa ya ƙi tashi yana warin fetur: ka bar cok a rufe bayan ya yi tarin farko. Kashe makunni, cire fulogi ka shanya shi, ka ja igiya sau da yawa, ka mayar, ka tayar ba cok.

Wani Alhaji daga Tudun Wada yana so ya sayi na hawa don yaran gida su riƙa faskare da shi, wai ya ga ana riƙe shi da hannu ɗaya. Wani kuma yana tambaya ko zai iya hawa tsani da Stihl 070 ɗinsa na tsaga katako. Haba jama'a. Alhaji, kamfanonin da kansu sun rubuta cewa wannan injin na waɗanda aka horar ne, don aikin sama, kuma da hannu biyu. Mariƙansa na kusa da juna, in ya yi tsalle ba ka da ƙarfin danne shi. A sayi mai mariƙi a baya, babba ya riƙa aiki da shi, ba yara ba. Mai 070 kuwa, injin da ya haura kilo 10 da cc sama da 100 za ka ɗauka kan tsani? Ba ni da amsar da ta wuce kada ka yi.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Badarawa: "Ɗana ya kama wannan sana'a, da ita yake taimaka mana. Duk ranar da ya fita ba na iya cin abinci. Me zan saya masa?"

Hajiya, Allah ya yi masa albarka, ya kuma kwantar miki da hankali. Tsoronki a kan hanya yake, kuma akwai abin yi. In kuɗin kaɗan ne, kada a fara da sabon inji. A fara da ɗamarar hawa mai zagaye ƙugu da cinyoyi, da igiyar hawa ta gaske, ba igiyar guga ko ta ɗaure kaya a mota ba, da hular kwano mai maɗaurin haɓa, da tabarau. Ya riƙa ɗaure kansa wuri biyu kafin ya tayar da inji, don in sarƙa ta yanke ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Kada ya fita shi kaɗai, a samu wani a ƙasa wanda shi ma ya iya hawa. Ya ƙwanƙwasa gindin bishiya kafin ya hau, gara takan cinye ciki ta bar ɓawo, ya kuma ɗaga kai ya duba ƙudan zuma.

Abin da nake so ki sa shi ya yi miki alkawari a kai shi ne wayar lantarki. "Ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce. Ana iya kawo ta yana sama, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukar wuta. In rassa na kusa da waya, mai gidan ya je ofishin Kaduna Electric na yankin a kashe layin, in ya ƙi, ɗanki ya bar masa aikinsa. Akwai kuma kwalejin tarayya ta aikin gandun daji da injina a Afaka, ta wajen Mando. Ya je ya tambaya ko akwai horon da zai shiga, ko malamin da zai duba masa yadda yake aiki. Ki ci abincinki, Hajiya, ki bi shi da addu'a.

Mai tambaya ko zai zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota a tankin sarƙa: na san kowa na yi. Akwai garin ƙarfe a cikinsa, yana cinye famfon mai da ƙarfen sarƙa, kuma duk wuni yana fantsama a fuskarka. In man sarƙa ya gagara, ko sabon baƙin mai mai araha ya fi.

Mai cewa injinsa yana yanka a karkace yana fitar da gari maimakon ɓarzajjen itace: haƙoran gefe ɗaya sun fi na ɗayan dakushewa, galibi don sarƙa ta taɓa ƙasa ko ƙusar da aka buga a bishiya. Ƙaramar sarƙa mai awon inci 3/8 magagari mai kauri milimita 4 take so, a karkace digiri 30, ka riƙa turawa daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadin guga daidai da na sauran. In bayan haka bai daina ba, kwance ƙarfen ka duba ko leɓensa ɗaya ya fi cinyewa, ka juya shi sama ya koma ƙasa.